Takalmin Zomo: Furen Ƙasa da Ya Rasa Gurbi a Gidajenmu

Duk wanda ya taɓa riƙe fasfo na Nijeriya, ko ya tsaya gaban alƙali, ko ya karɓi wata takardar gwamnati mai hatimi, haƙiƙa ya ga tambarin ƙasar nan wanda aka tsara tun 1960, da baƙar garkuwarsa a tsakiya, da fararen layukan da suka haɗu suna nuna kogin Kwara da na Binuwai, da fararen dawaki biyu a gefe, da jar mikiya a bisa. Amma da za a tare mutane a ƙofar kasuwa a tambaye su ko wane irin fure ne wannan da ke warwatse cikin ciyawar da dawakin suka taka, da wuya a sami wanda zai ba da jawabi, alhali kuwa shi ne aka zaɓa ya zama furen ƙasa baki ɗaya. Masana tsirrai suna kiransa Costus spectabilis, Hausawa kuwa sun san shi da takalmin zomo, wasu su ce tabarmar zomo. Masu zanen tambari sun yi masa launin ja, shi kuwa a dajin da Allah ya halicce shi rawaya ne fatau, kuma wannan kuskure kaɗai ya isa dalili a kan nisan da ke tsakaninmu da tsiron da muka ɗora a kan hatiminmu.

Ra'ayina a kan wannan mas'ala shi ne, filin nan da ke ƙarƙashin itatuwan gidajenmu da makarantunmu da harabar masallatanmu, wanda muke sharewa ƙal safe da yamma, ko mu malale shi da siminti, ko mu cika shi da furannin da aka ɗauko daga wasu nahiyoyi, ya kamata mu yanki wani sashe nasa mu mayar wa tsirran dajinmu masu son inuwa, waɗanda ke mutuwa da rani su farfaɗo da damina ba tare da an sake shuka su ba, domin ƙudan zuma da danginsa su sami abin kalaci a kusa da mu. Takalmin zomo shi ya fi cancanta a fara da shi.

Wanda ya shiga dajin doka da maje da kaɗanya na tsakiyar ƙasar nan bayan ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi, ciyawa ba ta riga ta tashi ba, idan ya sunkuya ya duba gindin itatuwa da tsakanin duwatsu, zai ga wani tsiro da ba shi da kara ko kaɗan. Ganye huɗu ne masu kauri, masu ruwa a jiki, kowanne kusan faɗin tafin hannu, sun shimfiɗu a ƙasa suna fuskantar kusurwa huɗu, sau da yawa da wani siririn jan zare a gefensu. Daga tsakiyarsu, inda suka haɗu, fure yake fitowa, babba ƙwarai idan aka gwada shi da tsiron da ya haife shi, da faffaɗan leɓe mai taushi da maƙogwaro mai zurfi. Furen ba ya daɗewa. Yakan buɗe ya yanƙwane cikin ɗan lokaci, wani ya biyo bayansa, har kwanakinsa su cika. Ana samunsa tun daga yammacin Afirka har Sudan, ya gangara kudu zuwa Angola da Zimbabwe, kuma wani masani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Fenzl shi ya fara rubuta siffarsa a littattafan ilimi a 1865.

Abin lura a cikin sha'aninsa shi ne yadda aka daidaita rayuwarsa da yanayin ƙasarmu. Dangin citta ne na nesa, kuma kamar yadda manoman Kachia da Jaba suka san cewa ran citta yana cikin saiwarta da ke ƙasa, haka ran wannan tsiro yake cikin wata saiwa mai tsoka da ke binne. Da damina ganyen yana tara abinci yana tura mata; idan kaka ta wuce, hunturu ya busa, sai ganyen ya bushe ya ɓace, har mai wucewa ya zaci babu komai a wurin, ita kuwa saiwar tana kwance tana jiran bazara. Saboda haka mai shuka shi ba ya bukatar ban ruwa a watannin da ruwa ya fi tsada, sa'ad da mata da yara ke layi a bakin rijiya, alhali furannin da muke saya a bakin titi galibinsu sai an bi su da bokiti kullum, ranar da aka yi sakaci kuwa su mutu.

To, mene ne ruwan manomi da mai iyali da wannan zance? Ruwansu shi ne barbarar tsirrai. Mutanen Dutse da na Bilma da sauran masu dabino sun daɗe da sanin cewa macen dabino ba ta yin 'ya'yan kirki sai an kai mata garin furen namiji, har mutum yakan hau da kansa ya saka mata. Abin da mai dabino ke yi da hannu, shi ƙwari ke yi wa mafi yawan tsirrai kyauta, suna shiga fure don neman ruwan zaƙi, garin ya manne a gashin jikinsu, su kai shi wani fure. Gero da dawa da masara iska ta ishe su, amma kabewa da kankana da agushi da mangwaro da kaɗanya suna jiran ƙwaro. Kwamitin masana na duniya da ya yi nazarin wannan al'amari ya bayyana a rahotonsa na 2016 cewa kimanin kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gona da ɗan Adam ke ci suna amfana da barbarar ƙwari da sauran halittu, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na tsirran daji masu fure sun dogara da ita. A ƙasar Burkina Faso an yi gwaji, aka wallafa sakamakonsa a 2017, inda aka hana ƙwari kaiwa ga furen auduga da na riɗi, sai auduga ta ragu da fiye da sulusi, riɗi kuwa ya ragu da fiye da rabi. Wanda ya san matsayin riɗi a tattalin arzikin Jigawa da Nasarawa da Binuwai ba zai ɗauki wannan zance wasa ba.

Waɗannan ma'aikata kuwa suna raguwa. A Jamus, inda masu sha'awar ƙwari na garin Krefeld suka yi shekara 27 suna auna abin da tarkonsu ke kamawa, an tarar a 2017 cewa ƙwari masu tashi sun ragu da fiye da kashi 75 cikin 100, kuma a cikin wuraren da hukuma ta keɓe don kariya ne aka yi awon. A 2018 Tarayyar Turai ta haramta amfani da wasu magungunan ƙwari guda uku a fili saboda illarsu ga ƙudan zuma, kuma a shekarar ce aka fara raya 20 ga Mayu a matsayin ranar ƙudan zuma ta duniya. Mu a nan sabuban ɓarnar a fili suke ga mai ido: ana sare daji don gawayi, ana cinna masa wuta don farautar gafiya, maganin feshi ya maye gurbin fartanya har ya kai ga ba a barin ko ciyawar gefen gona, masu ɗibar zuma kuma da yawa har yanzu da wuta suke ƙone gidan su kwashe saƙar. A birane ma, duk wanda Allah ya hore wa ya gina gida, abu na farko da yake yi shi ne ya shimfiɗa intalok daga ƙofa har katanga, ba ya barin ko taki ɗaya na ƙasa. Mutane kuwa ba su san cewa dangin ƙudan zuma a duniya sun kai nau'i 20,000 ba, kuma mafi yawansu ba su da amya ba su da sarauniya, kowace uwa ita kaɗai take haƙa ɗan raminta a ƙasa ko a busasshen itace ta ajiye 'ya'yanta. Ƙasar da aka rufe da siminti, an rufe ta ne da gidajensu.

Mutanen Amurka sun riga mu farga. Tun 1982 uwargidan tsohon shugabansu, Lady Bird Johnson, ta kafa wata cibiya a Austin ta jihar Texas don nazarin furannin dajin ƙasarsu da yaɗa su. A 2007 wani shehin malamin ilimin ƙwari na Jami'ar Delaware, Douglas Tallamy, ya wallafa littafin da ya sauya tunanin masu lambu da yawa a can, inda ya kafa hujja cewa galibin ƙwarin da ke cin ganye ba sa iya rayuwa sai a kan tsirran da suka saba da su a ƙasarsu tun zamani mai nisa, don haka lambun da aka cika da baƙin tsirrai, komai kyansa a ido, yunwa ce ga ƙwari, yunwar ƙwari kuma yunwa ce ga tsuntsayen da ke ciyar da 'ya'yansu da tsutsa. Daga nan mutane suka shiga shuka furannin kurminsu a inuwar gidajensu. Darasin da ke ciki a gare mu shi ne ƙa'idar da suka bi, watau kowace ƙasa ta nemi nata. Wanda ya aika a kawo masa irin furen kurmin Amurka ya shuka a Kaduna ya juya maganar a baibai.

Ban ce baƙon tsiro haramun ne ba, kuma mai faɗin haka ya jahilci tarihin tukunyarsa, gama masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka zo, mangwaro da darbejiya kuma daga ƙasar Hindu, kuma babu mai musun ni'imar da ke cikinsu. Sai dai akwai bambanci tsakanin baƙon da aka kawo don abinci ko inuwa da wanda aka kawo don ado kawai, aka kuma fifita shi har ɗan gida ya rasa wurin zama. Wasu furannin adon ma an yi ta sarrafa irinsu don su yi cunkus da ganyen fure, har ƙwaro ba ya samun ƙofar shiga, in ya shiga ma ba ya tarar da komai. Wasu kuma sukan tsere daga lambu su zama annoba, kamar irin kainuwar nan mai shuɗin fure, 'yar asalin Amurka ta Kudu, wadda kyan furenta ya sa aka yi ta yawo da ita ƙasa-ƙasa, ta iso ruwayen Legas a 1984, ta toshe hanyar jiragen ruwa da kamun kifi, kuma har yau ana fama da ita.

Game da yadda ake shuka takalmin zomo, sharaɗi na farko shi ne wuri. Tsiron gefen kurmi ne, ba ya son ranar tsaka mai ƙuna, ba ya kuma son duhun da ke gindin tsohon mangwaro ko tsamiya, inda haske ba ya ratsawa sam. A nema masa inda hantsi ke sauka, inuwa kuma ta rufe shi kafin azahar, kamar gabashin katanga, ko bakin inuwar itace inda rassa suka yi sako-sako. Sharaɗi na biyu ƙasa: ta zama mai sauƙi, gauraye da yashi da ruɓaɓɓen ganye, wadda ruwa ke wucewa ba ya kwanciya, domin babu abin da ke kashe saiwar irin laka mai riƙe ruwa. Ana raba saiwar ne tana barci, a ƙarshen rani, a binne ta ba da zurfi ba gab da saukar ruwa, a rufe da busasshen ganye kaɗan. Idan ganyenta ya bushe da kaka, a daina ba ta ruwa ɗungum, a kuma jera 'yan duwatsu kewaye da wurin, don kada mai shara ko mai haƙa ya tone ta bisa rashin sani. Akuya da kaji su ne abokan gaba, sai a yi ɗan shinge na ƙaya ko darni. Maganin feshi kuwa, na ƙwari ne ko na ciyawa, kada ya kusanci wurin, gama wanda ya kira baƙi walima ba ya zuba guba a akushi. A ƙasashen da damina ke da tsawo, kamar kudancin Kaduna da Filato da Neja da Abuja, wannan ya wadatar. Can arewa inda ruwa ke ɗaukewa da wuri, sai an ƙara masa inuwa da ɗan ban ruwa a tsakiyar fari, ko kuwa mutum ya nemi tsiron da ya saba da tasa ƙasar.

Akwai hatsari guda da ya wajaba a yi gargaɗi a kansa tun kafin a fara, shi ne kada sha'awar tsiron ta zama sanadin ƙarewarsa. Turawan Ingila suna da wani shuɗin fure na kurmi, mai kama da ƙananan ƙararrawa, wanda ke rufe ƙasan dazuzzukansu a watannin Afrilu da Mayu, kuma kusan rabin duk wanda ke duniya a tsibirinsu yake. Da masu lambu suka so shi, sai 'yan kasuwa suka riƙa tone albasarsa buhu-buhu daga daji, alhali daga ƙwayar iri zuwa fure yakan ci shekara biyar ko fiye, har sai da hukuma ta sa shi ƙarƙashin dokar kare namun daji da tsirrai ta 1981, a 1998 kuma ta haramta sayar da wanda aka tono daga daji. Bai kamata mu jira sai mun kai wannan hali ba. Hanyar da ta dace ita ce a ceto saiwar daga wuraren da za a share ko ta yaya, inda ake fasa hanya ko yanka filaye ko buɗe sabuwar gona, da izinin mai wurin, sa'an nan wanda nasa ya yaɗu ya raba wa maƙwabci. Abin da ke dajin da ba a taɓa ba, a bar shi inda yake.

Na san abin da za a ce, kuma masu faɗa ba su rasa hujja ba. Uwar gida za ta ce ana share tsakar gida ne don a ga sawun maciji da kunama, kuma tunkuɗe ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo amfani. Gaskiya ne, kuma babu mai cewa a bar gida ya zama kurmi. Amma maciji ɓera da kwaɗo yake bi, tarin shara da tsohon bulo da duhuwar ciyawa yake nema, tsiron da ya kwanta a ƙasa lif, wanda ana ganin duk abin da ke kansa daga nesa, ba ya ɓoye shi. A yi kwamin nesa da ƙofar ɗaki, a share kewayensa, shi ke nan. Wani zai ce sauro, sai a tuna masa cewa sauro a kwantaccen ruwa yake ƙyanƙyasa, a tsohuwar taya da kwata da gwangwani. Wani zai ce harbi, tun da an ce zuma ga zaƙi ga harbi, amma ƙudan da ke kiwo a kan fure ba ya kula da kowa sai an matse shi, faɗansa a bakin gidansa yake, galla kuwa, 'yar ƙaramar nan da ke yin zumarta a kogon itace, ba ta da ƙari ko kaɗan. Mai cewa wannan aikin masu ƙoshi ne, ana fama da tsadar abinci, shi ne ya fi kowa bukatar ya sake duba lissafin riɗi da audugar da ya gabata, domin talaka ne ke fara jin raguwar amfanin gona kafin mai hali.

Ga Musulmi kuwa al'amarin ya wuce lissafin riba. Allah Maɗaukaki ya sanya wa sura ta 16 a cikin Littafinsa sunan ƙudan zuma, ya kuma ambaci aikinsa cikin ayoyin da ake son masu tunani su yi tadabburi a kansu. Ya tabbata a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe wasu halittu huɗu, ƙudan zuma na cikinsu. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa abin da tsuntsu ko dabba ko mutum ya ci daga shukar Musulmi ana rubuta masa ladan sadaka. Shari'a ta san hima, watau yankin da shugaba ke keɓewa a hana taɓa shi don maslahar jama'a, kamar yadda aka keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza a zamanin halifancinsa. Idan shugaba yana da ikon keɓe kwari guda, maigida ma yana da ikon keɓe kamu biyu ko uku a gindin itacensa, da niyyar ciyar da halittun da ba su da bakin roƙo.

Kada kuma a zaci fure ɗaya zai ɗauki nauyin shekara. Takalmin zomo na farkon damina ne, kwanakinsa kuma ƙidayayyu ne, don haka mai hikima zai haɗa shi da wasu 'yan ƙasa da ke karɓar juna, irin su albasar kwaɗi mai farin fure da jan zane, a wurin da yara ba sa kaiwa gare ta domin tana da dafi, ya bar kabewa ta hau danga, ya kuma kiyaye manyan itatuwa, gama kaɗanya da ɗorawa da gawo su ne ke riƙe ƙudan zuma da rani sa'ad da ƙasa ta bushe. A bar guntun busasshen itace a lungu, a bar ɗan fili na ƙasa da ba a haƙa ba a taka, a ajiye kasko da ruwa kaɗan da tsakuwa a ciki don ƙwaro ya sha bai nutse ba, a riƙa sauya ruwan saboda sauro.

Saura aikin hukuma da malamai. Muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, da Cibiyar Binciken Gandun Daji a Ibadan, da kwalejojin gandun daji a Jos da Afaka, kuma babu wanda ya fi su cancantar ya ɗauki nauyin renon saiwar wannan tsiro da 'yan'uwansa, ya rubuta bayaninsu da Hausa, ya ba masu sayar da furanni na bakin titi iri mai asali, domin su 'yan kasuwa ne, abin da aka tambaya shi suke kawowa. Shugabannin makarantu su keɓe wa ɗalibai kwami guda a inuwa, su sa su rubuta ranar da ganye ya fito da ranar da fure ya buɗe da irin ƙwarin da suka ziyarce shi, domin ta haka ake tara ilimin da babu wanda zai zo daga waje ya tara mana. Mu kuma masu gidaje, kafin bazara mai zuwa, kowa ya zaga gidansa da hantsi ya duba inda rana ke sauka ta kau da wuri, ya hana mai siminti kaiwa nan, ya kuma tambayi dattawan ƙauyensu da mafarauta da masu magani inda tsiron yake, tun suna raye, tun kuma ana iya samunsa. Allah ya sa mu cika amanar ƙasar da ya ba mu riƙo.